Randar da aka zana Sarkin Rafi a jikinta: sana'a ce ko raya bori?

Malamin Islamiyya, Wunti:
Assalamu alaikum. Hotunan da aka turo jiya na kayan da matasa suka baje kolinsu a nan Bauchi sun tsaya min a rai. Ga randa an zana Sarkin Rafi yana fitowa daga ruwa, ga wani zane na Inna da shanunta da ƙwaryar nono. Ni dai maganata ita ce, duk wanda ya zana iskokin bori ya ƙawata su, bori yake rayawa, ko ya sani ko bai sani ba. Abin da Shehu Usmanu ya yaƙa tun 1804, har Malam Yakubu ya karɓo tuta ya kafa garin nan, shi za mu dawo da shi da fenti?

Maginiya, Yelwa:
Wa alaikumus salam. Allah ya gafarta Malam, randar tawa ce. Ni na kwaɓa yumɓun, na haɗa shi da farar ƙasar Alkaleri, na gina, na gasa. Ba a kaɗa garaya ba, ba a yi girka ba, wato shigar da mutum bori, ba wanda ya hau. Ban taɓa ganin wasan bori ba ma. Kakata ce ke ce mana Sarkin Rafi na jan yaro in ya matsa bakin kogi da damina, kuma da wannan aka tsare mu daga ruwa. Tsoron ruwan nan na zana. Ku duba hoton da kyau, rabin jikinsa igiyar ruwa ce, ga tarwaɗa biyu a ƙarƙashin hannunsa, na karce su da tsinke tun yumɓun yana ɗanye.

Baffa, tsohon malamin makaranta:
Malam, a yi haƙuri in sa baki. Zane a ƙasar nan ya girmi fenti. Ku je duwatsun Geji ko na Shira ku ga shanu da namun daji da mutanen da suka zana a jikin dutse. Kawunan yumɓu na Nok, waɗanda aka fara tsinta a 1928 wajen haƙar kuza, suna gidan tarihi na Jos, yaranmu na zuwa kallo, ban ji wanda ya dawo yana bauta musu ba. Sannan ku ciro naira ashirin ku juya bayanta. Ladi Kwali ce zaune tana gina tukunya. Matar nan kunama da ƙadangare da kada da hawainiya take karcewa a jikin tukwanenta. Ta shiga makarantar tukwane ta Baturen nan Michael Cardew a tsohuwar Abuja, wato Suleja, a 1954, Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa a 1977. Yau roba da silba sun kori tulu da randa daga gidajenmu, maginan tukwane na ƙarewa, sai ga yarinya ta kama sana'ar da hannu biyu, mu kuma mu tare ta da zargi?

Malamin Islamiyya, Wunti:
Baffa, ban raina sana'ar ba, wallahi. Amma ƙadangare daban, iska daban. Babu wanda ke yi wa ƙadangare yanka. Sarkin Rafi kuwa da Inna da Ɗan Galadima da Kuturu, har gobe akwai masu kiransu, akwai masu kai musu kaza da turare. Kuma ko ƙadangaren ma malamai sun yi magana. A Bukhari da Muslim an ruwaito wani mai sana'ar zane ya je wurin Ibn Abbas, ya ce da ita yake ci, sai ya gargaɗe shi, ya ce in lalle sai ya yi, to ya zana itatuwa da abin da ba shi da rai. Ƙofa a buɗe take. Ga dagi, ga zayyanar bango irin ta gidajen sarakunanmu, ga ruwan Wikki, ga duwatsun da suka kewaye Bauchi.

Maginiya, Yelwa:
To Malam, ina da tambaya, kuma da gaske nake neman sani. Idan na zana tsamiya ko kuka ita kaɗai, ta shiga abin da aka halatta. Amma wane Bahaushe ne bai san abin da ake cewa yana zaune a gindin tsamiya ba? Wanda ke da bori a zuciyarsa zai gan shi a jikin itacen. Ke nan matsalar a zanen take ko a mai kallo?

Malamin Islamiyya, Wunti:
Tambaya ce mai kyau, 'yata. Tsamiya halittar Allah ce, kowa na shan kununta, in wani ya ga iska a ciki laifinsa ne. Amma ke kika ba Sarkin Rafi fuska da rawani, kika rubuta sunansa a takardar da ke gaban randar. Nan ba mai kallo ne ya ƙirƙira ba.

Hajiya, Jahun:
Ni abin da Malam ya faɗa na masu kai kaza shi ne damuwata. Mu mata mun san waɗanda ke zuwa wurin 'yan bori a ɓoye in haihuwa ta yi wuya ko kishiya ta shigo. Idan irinsu suka sayi randar nan, ba ruwan sha za su zuba a ciki ba. Ke kin gina don ado, ita ta kai ɗaki ta rufe da farin ƙyalle.

Mai zane, Gombe:
Ku bari in kawo wani gefen da ba a taɓa ba. Ni ma da fenti nake ci, kuma abin da ke ci min rai shi ne yawancin masu zana bori yanzu ba su san shi ba. Sun lura baƙi da masu kuɗin Abuja da Legas na son abu mai ban tsoro, sai su ɗauko fuskar dodon Yarbawa su liƙa mata sunan Inna. Ɗaliban zane na Zariya da suka kafa ƙungiyarsu a 1958, su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Demas Nwoko, cewa suka yi kowa ya koma ya tono abin gidansu. Onobrakpeya tatsuniyoyin mutanensa na Urhobo ya yi ta zanawa don a cikinsu ya tashi. Mu muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da macijin rijiyar Kusugu a Daura, muna da giwayen Yankari, duk ba wanda ke musu yanka. Me ya sa sai iskoki? Domin su ne ke da kasuwa. Ban ce ke haka kika yi ba, ƙanwata, tarwaɗan nan naki sun nuna kin san kogi.

Baffa, tsohon malamin makaranta:
Na yarda da rabin maganarka. Amma in muka ce kada a taɓa bori sam, jikokinmu za su karanta tarihin Hausawa da rami a tsakiyarsa, sai Bature ya cike musu shi.

Maginiya, Yelwa:
Hajiya, maganarki ta fi kowacce shiga jikina, don haka randar ba ta sayarwa ba ce, tana gidanmu. Ta gaba da nake ginawa kogin ne da kifayensa, ba fuska. Amma wannan ba zan fasa ta ba, Malam, domin har yanzu ban gamsu cewa zana labarin kakata bauta ba ne. Ranar Asabar za mu gasa sababbi, duk mai so ya zo ya gani da idonsa.

Malamin Islamiyya, Wunti:
Zan zo in sha Allahu, kuma zan taho da littafin mu duba hadisin tare. Kan batun fuska da suna dai ina nan a kan bakana.