Dan Allah nawa ya kamata mu sa kuɗin alawa da kantu a cinikin taimakon makaranta?

Maman Sadiq:
Assalamu alaikum ƴan uwa, dan Allah shawara nake nema musamman wajen masu sana'ar kayan zaƙi. Ina koyarwa a wata Islamiyya a ƙauyenmu nan ƙaramar hukumar Taura, iskar farkon damina ta yaye mana kwanon aji ɗaya, har yau yaran ajin a gindin darbejiya suke karatu, in hadari ya taso sai dai a tashe su. Toh mu malamai mata da wasu iyaye muka ce ranar walimar sauka tunda jama'a zasu taru mu yi kayan zaƙi mu sayar, abin da aka samu a haɗa da na kwamiti a sayi kwano da ƙusa. Zamu yi alawar madara da gullisuwa da kantun riɗi da gyaɗa mai sukari, sai wata Hajiya da tace ita zata yi alkaki da dubulan. Riɗi da gyaɗa iyaye ne suka kawo kyauta, madara da sukari da fulawa da mai kuwa saya zamu yi da kuɗin karo-karon da muka haɗa. Rigimar dai farashi ce, wasu sunce a sa naira 20 tunda ƴaƴanmu ne kuma aikin Allah ne, wasu sunce a'a a tsawwala tunda kowa ya san inda kuɗin za su. Ya kuke ganin ya dace?

Anti Balki mai alawa:
Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba da lada. Ni a Ringim nake kuma wannan ce sana'ata. Abu na farko ku daina gardama a kan farashi, domin ba ku kuke yanke shi ba, kuɗin da ke aljihun yaro ne yake yankewa. Yaro 50 ake ba shi ko 100, iyakarta kenan, don haka farashinku biyu ne kawai, na hamsin da na ɗari. Abin da ke hannunku shine girman yanka. Mu masu sana'a in sukari ya tashi ba ma ƙara kuɗi, wuƙa muke matsowa.

Kinga yadda ake yi. Ki samu littafi ki rubuta duk abin da faranti ɗaya ya ci, madara, sukari, gawayi ko itace, ledar ƙulli, har kuɗin mashin ɗin wanda aka aika kasuwa, wannan shine uwar kuɗi. Misali a ce duka sun kama 12,000 kuma kuna son ribar 6,000, kenan sai farantin ya kawo 18,000, in na hamsin ne yanka 360 kenan, in na ɗari ne 180. Toh in kika saki hannu kika yanka manya-manya ya fito 250 kika sayar hamsin-hamsin 12,500 zaki samu, ribar 500 kenan bayan kun wuni a bakin murhu, kuma ban ma cire wanda zai farfashe da gefe-gefen da ba ya yankuwa da wanda masu taya aiki zasu ɗanɗana ba, kuma wallahi sai sun ɗanɗana. Ni a kowane goma ɗaya nake warewa na wannan. Shi yasa kafin ranar ku gwada da gwangwani biyu ko uku na madara, ku yanka ku ƙirga, sai ku san abin da kwano zai bayar.

Maganar naira 20 kuma ku bar ta. Da tsadar madarar nan wanne irin yanka za a yi na ashirin, sai dai a ba yaro ya lasa.

Malam Habu Gujungu:
Malama sannu da ƙoƙari. Maganar Anti Balki haka take, ni inda zan ƙara shine kayan da aka baku kyauta, don nan ne mutane suke ruɗar kansu. Riɗin da aka kawo kyauta kuɗi ne, ku auna shi da kwano ku sa masa farashin kasuwa a lissafi kamar sayensa kuka yi. A ce riɗin in an kai shi kasuwa ranar Lahadi zai yi 5,000, sai kuka sayi sukarin 3,000 kuka yi kantu kuka sayar duka 6,000 kuna murna an samu, alhali 3,000 ce ta rage muku, da riɗin kuka sayar a tsabarsa da kun fi samu kuma ba wanda ya sha hayaƙi. Riɗi fa ba abin wasa bane a Jigawa, daga nan Gujungu da Maigatari dillalai suke tattara shi su kai Dawanau har a fitar da shi ƙasashen waje.

Duk da haka ni a ganina kantu da gyaɗa ya kamata su fi yawa a teburinku, madara ku yi kaɗan. Dalili, madara ita ce mai cin jari, gullisuwa kuma ga madara ga mai na suya, sannan kantu in ya yi kwantai yana iya sati biyu a leda ba abin da ya same shi, a ci gaba da sayarwa a makaranta. Kayan madara in rana ta dake su sai su yi laushi su manne da leda.

Sayen kaya kuma, kar kowacce ta je shagon unguwa ta auno gwangwani-gwangwani, a haɗa kuɗin wuri ɗaya mutum ɗaya ya sayo. In abin ya kai rabin buhun sukari, wato kilo 25, ku nemi wani mai shago da zai shiga kasuwar Singa ta Kano sari ya haɗo muku a motarsa. Amma kar ku tashi mutum takanas zuwa Kano saboda kwano uku, tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin mota kaɗai zai cinye rarar da kuke nema.

Sai canji. Ku fara tara ƴan hamsin-hamsin tun yanzu, masu shago da masu cajin waya zasu taimaka. Biyar da goma da ashirin ɗin ledar nan yanzu sai ka wuni baka gansu ba, wani dalilin kenan da yasa na 20 ko na 30 zai zame muku ciwon kai.

Ummu Hanan:
Ni fa ina da ɗan ja. Duk lissafin nan gaskiya ne amma ku tuna akwai yaran da ko hamsin ɗin ba za a basu ba, marayu da ƴaƴan marasa hali, ranar walima ce kowa yana tsotson alawa su suna kallo, abin ba daɗi. Sannan akwai matan da dama can suke aiko da talla bakin makaranta, wata da shi take ciyar da gidanta, in kuka karya farashi kun kashe mata kasuwar ranar, in kuma nata ya fi naku girma yara wajenta zasu tafi ku zauna da kayanku. Ni da zaku ji tawa ku je ku same su tun wuri, ko dai ku yi yanka daidai da nasu, ko ku basu aikin su yi muku tunda sun fi ku iyawa a biya su ladan hannu.

Baban Walid:
Hajiya Ummu Hanan maganarki ta marayu abin dubawa ce amma maganinta ba sauke farashi bane, in aka sauke wa kowa har ɗan mai hali ya ci arha, kwano kuma ya gagara. A samu mutum biyu uku cikin iyaye su biya kuɗin ƙulli guda 50 ko 60 a farashinsa, malamai sun san yaran, a raba musu a aji tun kafin a buɗe ciniki ba tare da an yi shela ba. Kuɗi ya shiga akwati yara kuma sun samu.

Ni abin da na gani a duk maganar nan yara ake ta lissafawa, alhali kuɗin yana wajen manya. Ranar sauka dangi ke zuwa daga Kano da Dutse da Haɗeja, kuma kowa yana son tsarabar da zai koma da ita gida. Ku yi teburi biyu. Na yara hamsin da ɗari ba ƙari. Na manya a zuba alkaki da dubulan da gullisuwa a ƴan robobi masu murfi, na 1,000 da na 2,000, a nan ne za a iya ɗora riba mai kauri ba wanda zai yi ƙorafi, balle in mai gabatarwa ya faɗa a lasifika cewa kuɗin na rufin aji ne, a nuna musu ajin ma da idonsu. Da yawa zasu ce a bar canjin, shi kuma a rubuta shi daban a matsayin gudummawa kar a cakuɗa da ciniki, don gobe in za a sake a san ainihin abin da kayan suka kawo.

Kuma dan Allah ba bashi, ko matar mai unguwa ce. Mutum ɗaya ya riƙe kuɗi wani daban ya riƙe littafi, a ƙirga ƙulli kafin a fara a ƙirga bayan an tashi a gaban ƴan kwamiti. Wanda ya zo ba tsabar kuɗi a tura shi wajen mai POS ya ciro, kar a ce a tura a asusun wata malama, nan zargi yake farawa.

Maman Sadiq:
Kai amma na gode sosai, Allah ya saka da alheri ya bar zumunci. Na karanta wa sauran malamai, mun tsaya a kan hamsin da ɗari da teburi biyu, kuma gobe in sha Allah zamu je wajen matan da ke aiko da talla. Anti Balki saura tambaya ɗaya, kwana nawa kafin ranar ya kamata mu fara, kuma mun so mu ƙara da zoɓo ko kunun aya.

Anti Balki mai alawa:
Kantu da gyaɗa ku yi su saura kwana huɗu ko biyar, su huce sosai kafin a ƙulla in ba haka ba zasu yi gumi a leda. Alkaki da dubulan saura kwana biyu, kayan madara kuwa ana gobe. Kunun aya kar ku soma, in ba ƙanƙara kafin azahar ya yi tsami. Zoɓo zai yiwu in akwai mai firijin sola a garin da zai sayar muku da ƙanƙara, amma ki tambayi kuɗinta tukunna ki sa a littafin nan kafin ku jiƙa ko kwano ɗaya.