Wa ya ci filayen Daniel Boone?

Ɗan Birni: Salamu alaikum 'yan zaure. Ni dai na gaji da masu cewa "a Amurka ba a haka" duk lokacin da aka taso da maganar rikicin fili. Ku je ku duba abin da aka yi wa Daniel Boone. Mutumin nan shi ya sare hanya ta mashigin duwatsu na Cumberland a 1775, ya kai jama'a Kentucky tun tana daji babu kowa, ya kafa garin Boonesborough, 'ya'yansa maza biyu suka rasa ransu a neman ƙasar nan. Da ƙasa ta zauna sai lauyoyi da masu takarda suka dinga jan shi kotu har suka raba shi da filayensa. A 1799 ya kwashi iyalinsa ya bar Amurka ɗungurungum, ya koma Missouri da ke hannun Sifaniya a lokacin. Lauyoyi ne suka cinye shi, ba kowa ba. Na san halinku, da hoton dambun nama na saka da tuni an cika wurin nan da sharhi.

Malama 'Yar Damagaram: Wa alaikumus salam. "Daji babu kowa"? To Malam, su wa suka kashe 'ya'yan nasa? Aljanu?

Ɗan Birni: Malama, ba wannan ce maganata ba. Maganar lauyoyi nake.

Baban Ummi: Ai gaskiya ya faɗa. Wurin farauta ne, ana zuwa ana tafiya. Inda ba gari ba gona, me za a kira shi in ba daji ba?

Malama 'Yar Damagaram: Yaya, in babu kowa, a hannun wa Richard Henderson ya saya? Shi ne fa uban gidan Boone, shi ya ɗauke shi aikin saran hanyar. A watan Maris na 1775 ya zauna da shugabannin Cherokee, wata ƙabila ta 'yan asalin ƙasar, a Sycamore Shoals, ya ba su kaya na kusan fam 10,000, ya ce ya sayi ƙasa wajen eka miliyan 20. Ana ciniki da babu kowa?

Baban Ummi: Shi ke nan kin kashe bakinki da kanki. An taya, an sallama, an biya. Ina ƙwace a nan?

Malama 'Yar Damagaram: Wa ya sallama? Dragging Canoe, ɗan ɗaya daga cikin manyan Cherokee, a wurin taron ya ce bai yarda ba. Ƙabilar Shawnee kuwa, waɗanda su ma nan suke farauta, ko gayyatarsu ba a yi ba. Sannan a 1778 Virginia, wadda Kentucky ke ƙarƙashinta a lokacin, ta soke cinikin, amma ba ta mayar wa Cherokee ƙasarsu ba. Riƙewa ta yi, ta lallashi Henderson da eka 200,000. Wanda ya yi sayen banza an biya shi diyya, masu ƙasa ko oho.

Baban Ummi: Duk da haka daji ne.

Mai Shago: Baban Ummi, dajin da ke bayan ƙauyenku, in na zo da gatari na ce nawa ne, za ku bar ni?

Baban Ummi: Kai kuma wa ya sako da kai? Duk abin da Malama ta faɗa sai ka ce amin. Mun sani.

Barista: Tunda an zagi sana'ata a gabana, a ba ni dama. Kentucky a lokacin yanki ne na Virginia, sai 1792 ta zama jiha. Dokar filaye ta 1779 hawa-hawa ce: ka sayi takardar izini, ka je ofis ka rubuta inda kake so, a auna, ka mayar da takardar awo, sannan a ba ka takardar mallaka. Ka tsallake ɗaya, wanda ya zo bayanka ya cika nasa ya fi ka hujja. Ga iyaka kuma ba turke ba lamba. Za ka ga an rubuta daga bishiyar da aka yi wa tabon gatari zuwa bakin rafi, daga nan zuwa wani dutse. Bishiya ta faɗi, rafi ya sauya hanya, shi ke nan. Filaye suka hau kan juna kamar tabarmi a ɗakin da ya yi wa baƙi kaɗan, wuri guda mutum uku kowa da takardarsa. Kuma Malam Ɗan Birni bai gaya muku ba, Boone ɗin shi kansa safiyo ne. Ya auna wa mutane, ya sayar wa mutane, da aka zo aka ga wani ya riga su, shi suka kai ƙara. A 1798 har takardar kamu aka fitar a kansa don ya ƙi amsa sammacin zuwa ba da shaida. Lauya ne ya hana shi zuwa?

Ɗan Birni: A shekarar nan dai aka raɗa wa gunduma guda sunansa a Kentucky. Hannu ɗaya na karrama shi, ɗaya na neman kama shi. Kuma Barista, lauya Henry Clay da ya sauka garin Lexington na Kentucky a 1797 yana saurayi ba shi da komai, da me ya yi arziki in ba shari'ar filaye da bin bashi ba?

Barista: Da aikinsa. Likita ma da marasa lafiya yake ci, ba shi ya kawo cutar ba.

Alhaji Na Kasuwa: Ni abin da ya tsaya mini shi ne na 1780. Jama'a suka tara kuɗi wajen dala 20,000 suka damƙa masa ya je Williamsburg a Virginia ya sayo musu takardun izini. Ya sauka a masauki, ya yi barci, da safe babu kuɗi. Wasu suka yafe, wasu suka ce sai ya biya, ya shekara da shekaru yana biya. Mutum da amanar jama'a har ya samu idon barci? Ko da yake mu ma a zauren nan mun san masu irin wannan barcin.

Ma'aji: Alhaji, ku fito fili. In kuɗin walimar bara kuke nufi, rasit yana nan, na tura shi tun a lokacin.

Alhaji Na Kasuwa: Ni na kira suna? Mai kaza a aljihu ba ya jimirin as.

Ma'aji: Wallahi albarkacin furfura kuke ci. Wanda bai biya nasa kason ba shi ne mai bakin magana.

Shugaban Zaure: Alhaji, Ma'aji, don Allah. Wannan a same ni ta waya.

Hajiya Babba: Ni tambaya ɗaya gare ni. Wannan da ake ta tausayinsa, ba shi da bayi ne? Na ji an ce yana da su lokacin da yake da masauki da kanti a garin Limestone na Kentucky.

Ɗan Birni: Hajiya, zamaninsu ne haka. Kowa da hali yana da su.

Malama 'Yar Damagaram: Bayi zamani ne, ƙwace ƙasa zamani ne, amma lauya ya karɓi kuɗin aikinsa shi ne zalunci. Madalla.

Shugaban Zaure: Bari in ɗan sa baki a matsayina na wanda ya yi aikin awo har ya yi ritaya. Gwamnatin tarayyarsu ta ga wannan ɓarna, shi ya sa dokar 1785 ta ce a arewacin kogin Ohio a auna kafin a sayar. Aka yanka ƙasa murabba'i, mil 6 kowane gefe, a ciki kashi 36, kowanne eka 640 da lambarsa, kashi na 16 a bar wa makaranta. Mahaifin Abraham Lincoln, wanda ya yi shugabancin Amurka, shi ma rikicin takarda ya sha a gonakinsa na Kentucky, ya haye Indiana a 1816, inda fili ke da lamba.

Baban Ummi: Ranka ya daɗe, wannan ƙasar da aka yanka murabba'i, kafin a yanka mene ne sunanta? Daji.

Mai Shago: Innalillahi. Mun dawo.

Malama 'Yar Damagaram: Sunanta ƙasar ƙabilun Shawnee da Miami da Delaware. Sai da aka yi yaƙi aka ci su a 1794, aka sa su hannu a yarjejeniyar Greenville a 1795, sannan igiyar awon ta samu wucewa da kyau.

Barista: Ƙari ɗaya don Malam Ɗan Birni. A Missouri Sifaniyawa alƙalanci suka ba Boone, a gindin bishiya yake zaman shari'a. Da Amurka ta sayi yankin a 1803 aka sake cewa filin da Sifaniyawa suka ba shi bai cika sharaɗi ba. Majalisar Amurka ta tabbatar masa da eka 850 a 1814, masu bin sa bashi daga Kentucky suka ji labari, ya sayar ya biya su. Ka ga a nan ma bashi ne.

Ɗan Birni: Bashin da shari'a ta jawo masa! Kuma kun bar maganata kun koma kan kalma ɗaya tun safe.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, ga taƙaitawa. An tattauna lafiya, kuma kowa ya gamsu cewa asalin matsalar Kentucky rashin ƙwararrun ma'auna ne, domin da an auna tun farko da ba a kai ga lauya ba. Barista ya yi bayani mai kyau da ya tabbatar da haka. Malam Ɗan Birni yana da gaskiya ta wani fannin. Malama ta kawo wasu bayanai na gefe, mun gode. Na rufe wannan batu.

Malama 'Yar Damagaram: Na gefe? Ranka ya daɗe, wane "kowa" ne ya gamsu? Ni ba a tambaye ni ba.

Ma'aji: Kafin a rufe, Alhaji bai janye maganarsa ba.