Gwaji ya ce miliyan 6, ina zan nufa?

Direban Tirela: Salamu alaikum 'yan zaure. Shekara huɗu da aure, shiru. An duba uwargida lafiya lau, ni ne gwajin maniyyi ya nuna ƙwayoyi miliyan 6 kacal. Wa ya san magani mai kyau?

Malamin Lab: Wa alaikumus salam. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2021 miliyan 16 ne a kowace mililita. Amma gwaji ɗaya ba ya yanke hukunci. Ƙirar ƙwayar maniyyi kan ci kusan kwana 74, don haka ka sake bayan wata uku. Ka ƙaurace wa iyali kwana 2 zuwa 7 kafin ka je.

Tela: Kwana bakwai? Malam a tausaya 😂

Kawu: Ɗana, kada ka bi ta inda na bi. Wani mai kemis ya yi ta zuba min allurar testosteron, wai ƙarfin maza. Ƙarfi kam ya zo, na koma gwaji sai ga sifiri. Likita ya juya bayan katina ya zana min: maraina kullum suna ƙera ƙwayoyi, kullum kuma wasu na mutuwa da kansu bisa tsari, jiki na tankaɗe marasa kyau kamar gari a rariya. Allurar nan ta sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka an ƙoshi, ta daina aiko wa maraina saƙo, mutuwar ta rinjayi ƙirar. Wata takwas ina jira, ga 'yan uwana sun sa baiwar Allah a gaba da gori, alhali ni ne.

Malamin Lab: Zafi ma na ƙara mutuwar. Maraina sun fi son digiri 2 zuwa 3 ƙasa da zafin jiki, kai kuwa Kano zuwa Legas kana zaune kan inji. Ga sigari, ga tiramol. Ka ga likitan mafitsara ya duba ko jijiyoyin wurin sun kumbura, galibi ta hagu. Akwai su a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai a asibitin Shika da ke Zariya.

Mai Burodi: To mu da muke kwana gaban tanda fa? 'Ya'yana tara.

Tela: Ka ƙirga da na maƙwabta ne?

Liman: Zuma da habbatussauda, a haɗa da addu'a.

Kawu: Allah gafarta, na sha galan guda. Ya fara ganin likita tukuna.

Mai Burodi: Tela, ka fito min da ɗinkina na sallar bara kafin ka ƙirga min 'ya'ya.