Zan iya saka manyan yarana a takardar harajin IRS, hukumar harajin Amurka?

Baban_Abba, Columbus

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Amurka. Dan Allah masu sani a taimaka min kafin 15 ga Afrilu ta ƙaraso, maganar harajin 2025 ce. Ni da uwargida fom ɗaya muke cikewa tare kamar kullum. Yara uku ne abin ya shafa. Akwai yarona mai shekara 22, ya gama jami'a a watan Mayu, ya yi ta zaman gida sai a Satumba Allah ya kawo aiki, zuwa ƙarshen shekara ya samu kamar dala dubu 16, amma har yau a gidana yake ci da sha da kwana, ko kuɗin wuta baya bayarwa. Sai yayarsa mai shekara 25, ta dawo gida tana digiri na biyu tana ɗan taɓa aiki a wani kantin magani, abinda ta samu bara kamar dubu 7 ne. Sai kuma babbansu da ke Kano, ɗan matata ta fari, shekararsa 27, bai taɓa taka ƙasar nan ba, ni nake biya masa haya da kuɗin makaranta duk wata sai na tura. Mai cike min takardu yace in zuba su duka ukun a matsayin difendan, wato waɗanda nake ɗauke da nauyinsu, wai ba wanda zai duba, ni kuma raina bai kwanta da maganar ba. Wanne ya halatta a cikinsu?

Dan_Zongo, Bronx

Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai sanina yaro har ya kai 26 kana iya saka shi, tunda ni yata tana kan inshora ta har yanzu kuma ba wanda ya ce komai. Na Kano ne dai ban sani ba

Maman_Ilham, Maryland

Malam Dan Zongo wannan 26 ɗin ta inshorar lafiya ce, dokar Obamacare ce ta ba iyaye damar barin yaro a kan inshorarsu har ya cika 26, ba ruwanta da haraji ko kaɗan, mutane da yawa suna haɗa su.

Alhaji sannu da ɗawainiya. Ina aikin sa kai da VITA, shirin da ke cike wa mutane takardar haraji kyauta, lokacin haraji, to bari in faɗa muku yadda muke dubawa. Ƙofa biyu ce IRS ta buɗe. Ta farko ta yaro ce, wanda bai kai 19 ba a ƙarshen shekara, ko bai kai 24 ba in ɗalibi ne na cikakken lokaci, ko kuma mai nakasa ta dindindin shi ba a duba shekarunsa. Ta biyu ta ɗan uwan da kake ɗauke da shi ce, a nan ba a duba shekaru amma ana duba abinda ya samu, kuma na 2025 dole ya zama ƙasa da dala 5,200.

Mai shekara 22 ɗin nan shi ne kuke da rabo a kansa. Ɗalibi a wurinsu shi ne wanda ya yi karatu cikakke a cikin wata biyar na shekarar, ba sai watan ya cika ba, ko kwana kaɗan ya yi a cikin Mayu an ƙirga watan, kun ga Janairu zuwa Mayu biyar cif kenan. Ya zauna da ku fiye da rabin shekara, ko da a hostal yake lokacin karatu ana ɗaukarsa kamar yana gida. Kuma a wannan ƙofar ba a damu da yawan albashinsa ba, dubu 16 ɗin ba ita ce matsalar ba, abin tambaya shi ne shin shi ya ɗauki fiye da rabin nauyin kansa a shekarar? A nan ake zama da biro da takarda. Ku rubuta nawa za a yi hayar ɗakin da yake ciki a unguwarku in da bare ne, rabonsa na cefane da wuta da ruwa da intanet, inshora, sutura, kuɗin makarantar zangon ƙarshe, sai ku ga nawa ne ya fito daga aljihunsa. Kuɗin da ya tara a banki bai taɓa ba baya shiga lissafi. Sikolaship ma ba a ƙirga ta a matsayin shi ya biya. Amma bashin karatu in da sunansa aka ci, to wannan a gefensa ake rubuta shi, kuma shi ne yake yawan ɓata lissafin iyaye. Akwai jadawalin wannan lissafin a cikin littafinsu mai lamba 501, kyauta ne a shafin IRS.

Yarinyar kuma kuyi haƙuri, ta wuce 24 to karatun bazai cece ta ba, sai ƙofa ta biyu, can kuma dubu 7 ta haura 5,200. Ko dala ɗaya ce ta hau sama shikenan, ko da kuwa ku kuke mata komai har man shafawa. Ta cike nata da kanta, in an yanke mata harajin tarayya a albashi ma zasu dawo mata da shi.

Na Kano babu hanya. Sharaɗin su shi ne difendan ya zama ɗan ƙasa, ko mazaunin Amurka a idon dokar haraji, ko mazaunin Kanada ko Meziko. Risitin tura kuɗi ko buhu guda ne baya canza wannan.

Baban_Abba, Columbus

Hajiya Allah ya saka da alheri, wallahi kin warware min. To amma nawa ne ma ribar? mutumin nan yadda yake magana kamar dubbai zan kwasa

Maman_Ilham, Maryland

Ai da ne ake cin wannan moriyar Alhaji. Har 2017 kowane difendan ana cire muku dala 4,050 daga kuɗin da za a yi wa haraji, daga 2018 aka mayar da shi sifili. Yanzu babban kiredit ɗin yara, wato rangwamen haraji, na waɗanda basu kai 17 ba ne, shi mai 22 dala 500 ce kacal, ita ma rage harajin da ake binku take yi, in ba a binku komai ba za a miƙo muku ita a hannu ba.

Inda kuɗin yake shi ne na karatu. Wanda ya saka yaron a takardarsa shi ke da ikon karɓar kiredit ɗin makaranta, ana cike fom 8863 da takardar 1098-T da jami'a ke bayarwa. Kiredit ɗin iri biyu ne, babban yana kaiwa dala 2,500, amma sau huɗu kawai ake karɓa wa ɗalibi ɗaya, to in ya shiga a 2021 kuma kun karɓa 2021, 22, 23, 24 kun cinye, sai ƙaramin wanda baya wuce 2,000. Ku duba tsofaffin takardunku. Ku kuma duba ranar da kuka biya kuɗin zangon ƙarshe, jami'o'i da yawa tun Disamba suke turo bil, in a Disambar 2024 kuka biya to na waccan shekarar ne ba na wannan ba. Kuma ma'aurata in samunsu ya wuce dubu 160 abin yana fara raguwa, a dubu 180 ya ƙare.

Direba_Houston

Ni maganar Kanada da Meziko ce take ƙona min rai wlh, mu da rabin albashinmu gida yake tafiya, uwa da ƙanne da 'ya'yan ƙanne, amma a takarda kamar kai kaɗai kake ci. To ya za a yi, ƙasarsu ce.

Alhaji abu ɗaya zan ƙara, ka kama yaron nan yau ɗin nan kafin ya cike nasa. Yaran nan da W-2, takardar albashin shekara daga wurin aiki, ta shigo a ƙarshen Janairu a waya suke gamawa cikin minti goma saboda ɗokin rifon, wato rarar harajin da ake dawo musu da ita. Akwai wani ɗan akwati a fom 1040, babban fom ɗin haraji, da ke tambaya ko wani zai iya saka ka a matsayin difendan, nawa bai taɓa shi ba ya tura abinsa, ni kuma da na zo turawa kwamfuta ta dawo min da ita wai an riga an yi amfani da lambar soshiyal ɗinsa, wato lambar shaidarsa ta gwamnati. Sai da ya cike 1040-X ya gyara, ni kuma na buga tawa a takarda na kai gidan waya, kuɗin da nake sa ran zan yi hidimar azumi da su sai bayan babbar sallah na gansu.

Shi kuma mai cike maka ɗin nan ka rabu da shi. Duk wanda ake biya ya cike haraji dole ya sa hannu ya rubuta lambarsa ta PTIN da IRS ke ba masu wannan sana'a, ka duba ta bara ka gani ko ya sa, irin masu cewa ba wanda zai duba yawanci basa sawa. Ranar da wasiƙa ta zo sunanka ne a kai ba nasa ba, zaka mayar da kuɗin da ruwa a sama, kuma in suka ga ganganci ne suna iya hana ka waɗannan kiredit ɗin shekara 2, in zamba ce shekara 10. Ga wanda ke jiran takardar zama ɗan ƙasa kuwa ban ga dalilin jawo wa kai wannan ba akan dala 500.

Baban_Abba, Columbus

Na tambaye shi yanzu, Alhamdulillah bai tura ba tukuna. Amma Hajiya ga wata sabuwa, a Oktoba ya sayi mota ta hannu dala dubu 9 da kuɗinsa, ita yake zuwa aiki da ita. Tana shiga lissafin?

Maman_Ilham, Maryland

Tana shiga Alhaji, tunda shi ya saya kuma shi ke hawa, gefensa za ku rubuta ta, har da mai da inshorarta in shi ke biya. Kenan sai abinda kuka kashe masa, haya da abinci da kuɗin makaranta da sauransu, ya kai nasa ko ya fi. In ku kuka biya zangon ƙarshe daga aljihunku a cikin 2025 da alama zaku tsallake, in kuma bashi ya ci da sunansa ga mota a kai to da wuya. Ku haɗa lambobin tukuna, in ya so ku ɗauki W-2 ɗinsa da 1098-T ku je VITA mafi kusa da ku, yawanci a laburare ko cibiyar unguwa suke zama kuma basa karɓar ko sisi, sai dai akwai iyakar samun da suke karɓa, ku kira ku tambaya kafin ku tafi.