Han Hyun-min ɗan Koriya ne ko ɗan Najeriya?

Maman Hanifa: Salamu alaikum jama'a. Raina a ɓace yake, sai na amayar. Jiya na sa hoton Han Hyun-min, yaron nan mai tallan kayan sawa, wata ta ce min wai in daina haɗa shi da jaruman Koriya, ai baƙar fata ne. Yaron da aka haifa a Seoul a 2001, uwarsa 'yar Koriya, babansa ɗan Najeriya, da yarensu ya buɗe baki, a can ya yi makaranta. Shi da kansa ya faɗa a hira cewa yana ƙarami wasu iyaye kan janye 'ya'yansu kada su yi wasa da shi. Da mujallar Time ta sa shi cikin matasa 30 masu tasiri a 2017, sai ya zama na kowa. Ni dai abin da na gani shi ne, Koriya ba ta karɓar ɗanta ruwa biyu sai ya yi suna. Mu kuma muna nan muna ƙarar da data a kan fina-finansu.

Anti Balki: Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, kina kare yaro kuma kina ce masa ruwa biyu? 'Ya'yan yayana uwarsu 'yar Labanon ce, na san yadda fuskarsu ke canzawa in aka kira su da wannan suna. Mutum ba nono ba ne da za a ce an sirka shi.

Malam Sani Gusau: Haba Anti, ruwa biyu ba zagi ba ne. Haka muka taso muka ji ana faɗa. Zagin shi ne barbarar yanyawa, ita kuwa ba ta faɗa ba.

Anti Balki: Malam, wanda aka kira shi ne zai ce zagi ne ko ba zagi ba, ba mai kira ba.

Malam Sani Gusau: To me za a ce? Ki ba mu kalma.

Anti Balki: A ce ɗan Koriya. Shi ke nan.

Maman Hanifa: Anti, ai abin da nake faɗa ke nan tun farko!

Anti Balki: Ba shi kika faɗa ba, ga rubutunki nan a sama.

Yaya Auwal: Ku bari in sa baki, don abin ya girmi wannan yaro. Tun yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953 sojojin Amurka suke ƙasar, aka haifi yara da yawa a garuruwan da ke gefen barikokinsu irin su Dongducheon. A lokacin dokarsu ta hanyar uba ake gadon zama ɗan ƙasa, ba a gyara ta ta haɗa da uwa ba sai 1998. Ga uba ya koma Amurka, ga dangin uwa suna jin kunyar yaron. Mafitar da gwamnati ta zaɓa ita ce a fitar da su waje. Wani Ba'amurke, Harry Holt, ya ɗauki yara 8 a 1955, daga nan ƙofa ta buɗe, har abin ya wuce waɗannan yara ya shafi 'ya'yan talakawa da na matan da suka haihu ba aure. Kusan yara 200,000 aka ba da riƙonsu a ƙasashen waje. A watan Maris na 2025 hukumar binciken gaskiya ta ƙasar ta ce gwamnati na da alhakin tauye haƙƙin da aka yi a ciki. Ko aikin soja, da yake wajibi a kan kowane namiji, sai 2011 aka fara kiran waɗanda kamanninsu ya nuna jinin waje. A ƙasar da ake auna namiji da aikin soja, cire ka ba gata ba ne, ce maka aka yi kai ba namu ba ne.

Baba Alhaji Garba: Auwalu, ai dokarsu ta da ita ce daidai. Ɗa na uba ne. Yaron nan ɗan Najeriya ne, ko a duniyar wata aka haife shi. Ya kamata ya zo ya ga dangi.

Maman Hanifa: Baba, da girmanka, sunan Koriya fa yake amsawa. In ya sauka a Abuja yau da wa zai yi hira?

Baba Alhaji Garba: Yare koyonsa ake yi, 'yata. Asali ba a koyonsa.

Zee: Ni gaskiya an cika yi wa Koriya sharri a nan. Hines Ward fa, ɗan wasan ƙwallon Amurka? A Seoul aka haife shi, uwarsa 'yar Koriya, babansa sojan Amurka baƙar fata. Da ya kai ziyara Koriya a 2006 har shugaban ƙasa Roh Moo-hyun ya karɓe shi. Mawaƙiya Insooni ita ma babanta baƙin Ba'amurke ne, ta buɗe makaranta a 2013 don irin waɗannan yara. Casey Phair, wadda babanta Ba'amurke ne uwarta 'yar Koriya, ta buga musu Kofin Duniya na mata a 2023 tana da shekara 16. Akwai ma dokar 2008 ta tallafa wa iyalan da aka yi auratayya da 'yan ƙasashen waje. Wace ƙasa ce ta yi haka?

Maman Hanifa: Ƙanwata, kin taya ni magana ba ki sani ba. Ward sai da ya zama gwarzon wasan ƙarshe na ƙwallon Amurka a wannan shekarar aka tuna an haife shi a Seoul. Kawo min sunan guda ɗaya da ba ya fitowa a talabijin. Yaron da uwarsa 'yar Biyetnam ce, babansa manomi a ƙauye, wa ya kai shi fadar shugaban ƙasa?

Zee: Anti, kin taɓa zuwa Koriya?

Maman Hanifa: Ke kin je?

Zee: Ina koyon yarensu dai.

Malam Sani Gusau: Har yanzu ba a amsa min ba. In ruwa biyu zagi ne, me ya sa malamanmu na makaranta suke faɗa?

Ɗan Zango Kumasi: Ni maganar Baba ce ta tsaya min a rai. Baba, Allah ya ƙara girma, wannan asalin da kake faɗa shi aka yi mana sanda da shi. A Kumasi aka haifi kakana, amma da Busia, firaministan Gana na lokacin, ya kafa dokar korar baƙi a 1969, 'yan'uwansa da ba su taɓa ganin Kano ba aka loda su a mota. Yau in na zo Najeriya ce min ake ɗan Gana, Hausata ma dariya ake mata. Na fi ku duka sanin halin da yaron nan yake ciki.

Baba Alhaji Garba: Laifin Busia ne wannan, ba na asali ba.

Malam Sani Gusau: Ku 'yan Gana ku kuka fara korar mutane.

Ɗan Zango Kumasi: Ku kuma a 1983 zamanin Shagari me kuka yi? Jakar nan da kuke zuba kaya a ciki sunan wa take ɗauke da shi? Kuma ka ji, yanzun nan ka ce min "ku 'yan Gana".

Malam Sani Gusau: To ba a Gana kake ba?

Yaya Auwal: Jama'a, ba wanda ya ce uffan a kan yara 200,000.

Anti Balki: A matsayina na admin bari in taƙaita, dare ya yi. An fahimci cewa ruwa biyu kalma ce mai ciwo, daga yau ba a faɗinta a wannan zaure. Zee ta kawo hujjoji masu kyau cewa Koriya ta gyara sosai. Auwalu ya ba mu tarihi, mun gode. Maganar Gana ba muhallinta ba ne. Maman Hanifa niyyarta mai kyau ce, lafazi ne ya kuɓuce mata.

Malam Sani Gusau: Wa ya fahimta? Ni ban yarda ba, a rubuta.

Maman Hanifa: Anti, tambayata ko sau ɗaya ba ta fito a taƙaitawarki ba. Cewa na yi ba sa karɓar yaro sai ya yi suna, kuma ba wanda ya kawo min suna ɗaya da ya ƙaryata ni.

Ɗan Zango Kumasi: Malam Sani, ina jiran amsarka a kan 1983.