Na'urar Farfaɗiya: A Cire Wayarta Duka Ko A Bar Guntu?

Assalamu alaikum. Ƙanwata na da farfaɗiyar da magani ya kasa, shi ya sa aka dasa mata na'urar VNS (mai aika ɗan lantarki zuwa jijiya don rage faɗuwa) a ƙirji, wayar lantarkin na'urar kuma tana naɗe da jijiyar wuya ta ɓangaren hagu. Yanzu batirin ya yi sanyi, gwaji kuma ya nuna wayar ta samu matsala. Likita ɗaya ya ce a cire komai a sa sabo. Wani ya ce tabon nama ya riƙe wayar, cirewa na iya taɓa jijiyar har muryarta ta dushe, gara a yanke a bar guntun.

Idan an bar guntun, za a iya yi mata hoton MRI nan gaba? Sabuwar wayar kuma a ina za a naɗa ta? Don Allah masana ku taimaka, faɗuwar ta fara dawowa.