Tsohon da nake biyan haraji ya gayyace ni biki, ko sunansa ban sani ba

Bafillacen Zongo: Salamu alaikum. Wata bakwai ke nan duk Alhamis, ranar Kasuwar Dole ta nan Damagaram, ina haɗuwa da wani dattijo Babarbare wurin mai shayi. Ranar farko ya ji ina Fillanci a waya, sai ya ce, "Kai bawana, ina harajina?" Na miƙa masa goro, ya ɓara biyu, ya maido mini da ƙaramin. Haka muke har yau, ina ce masa Mai Martaba, yana ce mini Bawa. Jiya ya ce zai aurar da autarsa a Mirya, in ban zo ba ya tuɓe ni daga bauta. In je? Nawa zan kai gudummawa?

Ɗan Birni: Ka fara tambayar sunansa mana.

Bafillacen Zongo: Bayan wata bakwai? Da wane ido?

Mai Kabu-kabu: Kada ka je. Haka na yi da wani a tasha, kullum raha, har kwano ɗaya muke ci. Rannan ya ari motona wai zai kai mahaifiyarsa likita. Shekara biyu ke nan. Na bi sawu har Matamai, ashe sunan ma na ƙarya ne. Yanzu na haya nake tuƙawa, kowace yamma sai na kai wa mai shi kuɗi.

Hajiyar Garin Malam: Allah ya mayar maka da alheri, ɗana. Amma wannan goro ya ci, ba moto ba. Bawa, jaka biyu ta isa.

Ɗan Birni: Jaka biyu, Hajiya? Auta ce fa. Biyar. Motar Mirya dala ɗari ce, kilomita 18 kawai.

Mai Kabu-kabu: Dala ɗari a wace shekara? Wanda bai taɓa sayen esansi ba shi ke yanke kuɗin mota.

Hajiyar Garin Malam: Ku da ba ku aurar da kowa ba, ku yi mana shiru.

Babarbaren Asali: Tun yaushe bawa ke kai kuɗi? Ya je ya ɗebo ruwan biki.

Ɗan Birni: Ruwan ina? Kwana tara pamponmu ko ɗigo.

Hajiyar Garin Malam: Mu sai ukun dare yake zuwa, ga takardar kuɗi ba ta fashi. Ɗan garuwa jiya dala talatin ya ce jarka.

Mai Kabu-kabu: Hamsin a unguwarmu.

Bafillacen Zongo: Jama'a, bikin fa Asabar ne.